Kibod Ɗaya, Manhajoji Da Yawa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Raba MIDI a Kwamfuta

Wannan shafi na masu kibod ɗin kiɗa ne, irin wanda ake jonawa da kwamfuta ta USB, waɗanda suke son manhaja fiye da ɗaya ta riƙa jin abin da suke kaɗawa a lokaci guda: ga manhajar haɗa kiɗa a buɗe, ga ta rubuta nota, ga kuma shafin koyon fiyano a burauza. Yawancin amsoshin sun karkata ga Windows, don can ne matsalar ta fi ƙamari.

Na buɗe manhaja ta biyu, ta ƙi jin kibod ɗina. Ya lalace ne?

Lafiyarsa ƙalau. Rufe manhajar farko, ka sake buɗe ta biyun. In ta ji shi yanzu, to ka gano inda gizo ke saƙa.

MIDI shi ne harshen da kibod ke magana da kwamfuta da shi. A tsohon tsarin MIDI na Windows, wanda ake kira WinMM, idan kibod yana aiki da direban (ƙaramar manhajar da ke haɗa na'ura da kwamfuta) da Windows ke ɗora masa da kanta da zarar an jona shi, ƙofarsa, wato mashigar da manhaja ke buɗewa don ta ji shi, ba ta karɓar baƙo biyu. Manhajar da ta riga buɗe ta ita ke da ita har sai ta saki, duk wadda ta zo daga baya kuwa a rufe za ta tarar. Abin haushin shi ne yadda kowacce ke ba da labarin. Wata ta ce ana amfani da na'urar, wata ta sauya launin sunan kibod ɗin a jerin saiti ta yi gum, wata ma ta ce ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta isa ba, alhali babu ruwan ƙwaƙwalwa a maganar. Da yawa ba sa cewa uffan. Sunan kibod yana nan a jeri, ka zaɓe shi, ka danna maɓalli, tsit.

Duk lokacin da haka ta faru, tambayar farko ita ce: wa ke riƙe da ƙofar yanzu?

Me kibod ɗin yake aikawa ne da har ba ya rabuwa?

Yana rabuwa sarai, babu ma abin da ya kai shi sauƙin kwafa. Ba sauti kibod ke turawa ta MIDI ba, 'yan gajerun umarni ne. Ka danna maɓalli, sai ya tura bayit uku: na farko ya ce an danna, a tasha kaza (MIDI na raba saƙonni zuwa tashoshi masu lamba), na biyu lambar maɓallin ce, daga 0 zuwa 127, inda C ta tsakiya take lamba 60, na uku ƙarfin dannawar, shi ma iyakarsa 127. Ka ɗaga yatsa, ya tura wani saƙon cewa an saki. Feda da abubuwan murɗawa kowanne da lambarsa: fedar jan sauti 64, ƙarar sauti 7.

Tsarin ya fito a 1983. Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits da Ikutaro Kakehashi na Roland suna cikin waɗanda suka jagoranci aikin, kuma a watan Janairun shekarar aka nuna Prophet-600 yana magana da Jupiter-6 a baje kolin NAMM a Amurka. An tsara shi ne don na'ura ta yi magana da na'ura ta kebul mai fil biyar, a gudun bit 31,250 a daƙiƙa, da tashoshi 16. Tun a lokacin an yi tanadin rabawa, domin akwai ƙofa ta uku mai suna Thru wadda ke maimaita duk abin da ya shigo don ya wuce zuwa na'ura ta gaba. Ashe ke nan takurar da kake gani ta direba ce da tsarin kwamfuta.

Me ya sa masu Mac ba sa kuka da wannan?

Saboda a can tsarin da ake kira CoreMIDI shi ne ke riƙe da kibod, manhajoji kuma wurinsa suke karɓa. Ko goma ka buɗe, kowacce za ta samu kwafinta. Matsalar mai Mac akasin taka ce: kowa na ji, har wanda ba a so ya ji. Idan kana Mac, tsallaka zuwa tambayar zaɓar mai amsawa. In kuma kana son wata manhaja ta tura wa wata MIDI, akwai IAC Driver a cikin Audio MIDI Setup, sai ka shiga MIDI Studio ka kunna shi, ba sai ka sauke komai ba.

Ban buɗe wata manhajar kiɗa ba, amma an ce ana amfani da na'urar. Wa ya riƙe ta?

Fara zargin burauza. Chrome ya fara goyon bayan Web MIDI tun 2015, Firefox ya biyo baya a ƙarshen 2022, kuma shafi guda da ka taɓa bai wa izini, na koyon fiyano ko na gwada kibod, ya isa ya kama ƙofar. Sau da yawa rufe shafin kaɗai ba ya wadatarwa, sai ka rufe burauzar gaba ɗaya.

Bayan burauza, duba ƙaramar manhajar da kamfanin kibod ɗin ya bayar don saita shi, wadda takan laɓe a gefen agogo. Sannan duba Task Manager ko akwai manhajar kiɗan da ka rufe tagarta amma ta maƙale ba ta mutu ba. Manhajojin haɗa kiɗa kuma suna da kwaɗayi: wasu na buɗe duk ƙofar da suka gani da zarar sun tashi, ko ba ka nemi su ba.

Akwai hanya mai sauƙi kafin in fara sauke manhajoji?

Biyu ma. Ta farko, leƙa shafin kamfanin da ya ƙera kibod ɗin ko yana da direba nasa na Windows. Wasu direbobin kamfani suna barin manhajoji da yawa su buɗe ƙofa ɗaya, kuma in naka haka yake, magana ta ƙare. Ba duka ba ne, don haka gwadawa za ka yi.

Ta biyu, idan kana Windows 11, ka sabunta shi. Microsoft ta gina sabon tsari mai suna Windows MIDI Services, wanda yake yin abin da CoreMIDI ya daɗe yana yi: shi ke riƙe da na'urar, yana rarraba wa kowa, har da tsofaffin manhajojin da aka rubuta don WinMM. Shi ne kuma ya kawo wa Windows MIDI 2.0, sabon salon MIDI da aka amince da shi a 2020. Gwajin ba wuya: buɗe manhajoji biyu, zaɓi kibod a kowacce, ka danna. In dukansu sun amsa, ba ka buƙatar dabarar da ke tafe. Mai Windows 10 ko wanda ya girme shi, dabarar taka ce.

To mece ce dabarar?

Ka bar manhaja ɗaya tak ta riƙe ƙofar kibod ta gaskiya, aikinta kawai ta kwafi saƙonni ta zuba su cikin wasu ƙirƙirarrun ƙofofi, sauran manhajoji kuma su saurari waɗannan. Ƙirƙirarriyar ƙofa kebul ce da babu ita a zahiri: abin da aka zuba ta wannan baki yana fita ta wancan, kuma Windows na kallonta tamkar na'ura.

Abu biyu kake buƙata. Mai ƙirƙirar ƙofofin, wanda aka fi sani shi ne loopMIDI na Tobias Erichsen, akwai kuma LoopBe1 mai ƙofa guda. Sai mai rarrabawa, wanda tsohon hannu a nan shi ne MIDI-OX. Fuskarsa ta tsufa, amma har yau yana aikinsa, kuma yana nuna maka kowane saƙo da ya wuce, abin da zai yi maka rana in abu ya rikice.

Ga yadda ake yi. Rufe duk manhajojin kiɗa tukuna. Buɗe loopMIDI, ka rubuta suna a ƙasa ka danna alamar ƙari, ƙofa ɗaya ga kowace manhaja. Ba su sunan da za ka gane bayan wata shida, kamar sunan manhajar da za ta saurara. Sai ka buɗe MIDI-OX, ka shiga Options sannan MIDI Devices, a ɓangaren shigowa ka zaɓi kibod ɗinka, a ɓangaren fita ka zaɓi ƙofofin da ka ƙirƙira. A tagar Port Routings za ka ga layuka sun tashi daga kibod zuwa kowace ƙofa. Danna maɓalli, ka duba loopMIDI ko lambar bayanan da suka wuce tana hawa.

Yanzu sai matakin da mutane suka fi tsallakewa. A cikin kowace manhaja, ka kashe ƙofar kibod ta gaskiya, ka kunna ƙirƙirarriyar da ka ware mata ita kaɗai. Ga misali daga manhajojin haɗa kiɗa. A FL Studio maɓallin F10 zai kai ka saitin MIDI, inda kowace ƙofa ke da Enable nata. A Ableton Live kashe Track da Sync da Remote na kibod ɗin, ka kuma tabbata ba a zaɓe shi a jerin Control Surface ba. A Reaper yana ƙarƙashin MIDI Devices a Preferences. In ka bar ko ɗaya a kunne, ran da ta riga MIDI-OX tashi za ta ƙwace ƙofar, kowa ya rasa.

Ƙofofin loopMIDI suna raye ne muddin shi kansa yana aiki, saboda haka ka sa shi ya riƙa tashi tare da Windows.

Dole sai kowace manhaja da ƙofarta? Ɗaya ba ta isa ba?

Takan isa, amma ni na fi son kowa da tasa. Ba ta ƙara wa kwamfuta wani nauyi, kuma ranar da kake son wannan ta ji feda waccan kada ta ji, ko ka datse guda ba tare da ka taɓa sauran ba, za ka tarar da hanya a share.

Ba zan iya sa manhajar haɗa kiɗan tawa ta yi rarrabawar ba?

Za ka iya, kuma ya rage maka taga ɗaya. Ka buɗe layin MIDI wanda ke karɓa daga kibod, ka kunna sauraronsa, ka sa mafitarsa ta zama ƙirƙirarriyar ƙofa. Aibinsa biyu ne. Saƙon zai bi ta injin sautin manhajar, don haka girman bafarta, wato ɗan ma'ajin da take tara sauti kafin ta fitar, zai iya shafar lokacin fitarsa. Sannan duk sanda ka rufe ta, ko ka sauya aiki zuwa wanda babu wannan layin, sauran manhajoji sun kurumce.

Kowace nota tana fita sau biyu, ko kuma komai ya daskare. Me na yi?

Fita sau biyu alama ce cewa saƙo ɗaya yana isowa ta hanya biyu. Galibi manhajar tana kan zaɓin sauraron dukkan ƙofofi, sai ta ji ta tata ƙofar, ta kuma ji ta ƙofar maƙwabciyarta. Sautin yakan yi siriri ko ya yi wani irin amo, kuma in ka naɗa za ka ga notoci biyu a kan juna. A Cubase ana cire ƙofa daga cikin All MIDI Inputs a saitin ƙofofi. A sauran, zaɓi ƙofa da sunanta.

In kibod ɗin yana da sautin kansa, akwai wata hanyar ninkawa: yana kaɗa sautinsa kai tsaye, manhaja kuma ta dawo masa da saƙon ya sake kaɗawa. Maganin wannan shi ne kashe Local Control, saitin da ke haɗa maɓallan kibod da sautinsa kai tsaye, a kibod ɗin.

Daskarewa kuwa ta fi muni. Takan faru ne idan manhaja tana sauraron wata ƙirƙirarriyar ƙofa kuma tana zubawa cikin ita wannan ƙofar. Saƙo ya fita, ya dawo, ya sake fita, ba iyaka, har kwamfuta ta shaƙe. Da loopMIDI da LoopBe1 duk suna da tsaron da ke toshe ƙofar in sun ga ambaliya irin wannan, shi ya sa wani lokaci za ka tarar ƙofa ta yi shiru haka kawai. Gyara zagayen tukuna kafin ka buɗe ta. Ƙa'idar: kada ƙofa ɗaya ta zama mashiga kuma mafita a manhaja ɗaya.

Yanzu duk suna ji, amma ba na son su amsa tare. Yaya zan zaɓi mai amsawa?

A nan tashoshin nan 16 suke da amfani. Sa manhajar fiyano ta saurari tasha ta 1 kaɗai, ta goge tasha ta 2, haka dai, sai ka riƙa sauya tasha daga jikin kibod. Yawancin manhajoji suna zuwa a saitin sauraron dukkan tashoshi, dole ka sauya da hannunka. Ka kiyayi tasha ta 10 in kana aiki da sautukan General MIDI, wato daidaitaccen jerin sautukan kayan kiɗa, domin tun 1991 an ware ta wa ganguna.

In so kake hannun hagu ya kaɗa wannan manhaja, na dama waccan, raba kibod ɗin za ka yi. Wasu kibod suna da wannan a jikinsu, kowane yanki da tasharsa. In naka ba shi da shi, mai rarrabawa zai yi: a MIDI-OX akwai Data Mapping, inda za ka ce notoci daga 0 zuwa 59 su koma tasha ta 2, daga 60 zuwa sama su zauna a ta 1. Bome MIDI Translator ya fi shi zurfi, a Mac kuma akwai MidiPipe. Ka tuna da feda. Ita ba nota ba ce, don haka rabon bai shafe ta ba, sai ka yanke wa wane ɓangare za ta yi wa aiki.

Akwai tarko guda. Idan ka sauya tasha yatsanka na kan maɓalli, saƙon dannawa ya tafi tasha ta 1, na saki kuma ya tafi ta 2. Manhajar farko ba ta taɓa jin an saki ba, sai ta riƙe notar tana ta kuka. Kibod masu kyau suna kula da wannan, wasu ba sa yi. Kusan kowace manhaja tana da maɓallin gaggawa, galibi mai suna Panic, wanda ke sakin duk notoci. A harshen MIDI saƙo mai lamba 123 yana cewa a saki notoci duka, amma yana mutunta feda in tana danne. Mai lamba 120 shi ne ke datse sauti nan take. Ɗaga hannu da ƙafa kafin ka sauya tasha ya fi duk wannan sauƙi.

Alamar MIDI tana motsi a manhaja ta biyu, amma babu sauti. Ina matsalar?

Ka fita daga rikicin MIDI, ka faɗa na sauti, kuma kamanninsu ɗaya. Direban sauti na ASIO, wanda kamfanin Steinberg ya ƙirƙira don rage jinkiri, sau da yawa shi ma manhaja ɗaya yake yi wa hidima. ASIO4ALL ya yi suna wajen wannan, in ya kama katin sauti ko bidiyo a burauza ba za ka ji ba. FL Studio ASIO yana barin wasu su yi amfani da katin tare da shi, sai dai jinkirinsa ya fi yawa. Direbobin katunan sauti na situdiyo da dama suna karɓar manhajoji da yawa, da sharaɗin duk su tsaya a ma'aunin sauti ɗaya, wato yawan gutsattsarin sauti a daƙiƙa. In wannan tana 44,100 waccan tana 48,000, ɗaya za ta yi shiru ko sautin ya karkace.

Duba kuma ko manhajar tana sakin katin sauti da zarar ka koma wata taga. Cubase yana da wannan zaɓi, Reaper ma yana da irinsa. An yi shi ne don a ba wasu dama, amma a wurinka yana nufin fiyanon zai mutu duk sanda ka taɓa wata manhajar.

Wannan zagaye-zagayen ba zai kawo jinkiri ba?

Kaɗan ne ƙwarai, kunne ba ya kama shi. Ko a tsohon kebul mai fil biyar, saƙon nota ɗaya kusan milisakan 1 yake ɗauka, kwafa shi a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta kuwa ba wani aiki ba ne. Jinkirin da kake ji daga bafar sauti yake. Lissafinsa a fili yake: raba girman bafa da ma'aunin sauti. Bafa 128 a 48,000 kusan milisakan 2.7 ne, 512 a 44,100 ya kai 11.6, 1024 a 44,100 kuwa ya haura 23, kuma wannan kafin a ƙara na direba da na katin. Don ka kwatanta, sauti na ɗaukar kusan milisakan 3 kafin ya yi tafiyar mita ɗaya a iska.

Abin da ke cutarwa idan manhajoji biyu na kaɗawa tare shi ne bambancin jinkirinsu. Wannan ta fito da wuri, waccan ta biyo baya, sai nota ɗaya ta zama kamar biyu. Daidaita bafarsu gwargwadon iko.

Shin lallai ina buƙatar manhajoji da yawa kuwa?

Wannan ce tambayar da ya kamata ta zo farko, na ajiye ta nan ne don wanda ya zo da matsala ba ya son a fara masa da wa'azi. Kaso mai yawa na masu wannan fama suna buɗe Kontakt ko Pianoteq ko wata manhajar sauti a tagarta daban, alhali ita ɗin tana da fulogin, wato sigarta da ake ɗorawa a cikin wata manhaja. Steinberg ta fito da tsarin fulogin mai suna VST a 1996, a 1999 kuma ya fara ɗaukar kayan kiɗa, Apple na da nata tsarin AU. In ka ɗora kayan kiɗanka duka a matsayin fulogin cikin manhaja ɗaya, ita kaɗai ke buɗe kibod, ita kaɗai ke buɗe katin sauti, bafa ɗaya ce, kuma saitinka yana ajiye cikin fayil guda. Rabin matsalolin da ke wannan shafi ba za su taso ba.

Mai kiɗa a gaban jama'a, wanda ba naɗa yake yi ba, yana da manhajojin da aka yi don wannan: MainStage a Mac, Cantabile a Windows, Gig Performer a duka biyun. Raba kibod, ɗora sauti kan sauti, sauya saiti tsakanin waƙa da waƙa ba tare da nota ta maƙale ba, duk aikinsu ne. A kan dandali ba zan yarda in dogara da tagogi huɗu da dole sai an buɗe su bi da bi ba.

Inda rabawa ta zama dole shi ne inda ɗayar manhajar ba kayan kiɗa ba ce: MuseScore na rubuta nota kana jin fiyanon da ya fi nata daɗi, Synthesia ko shafin koyo na duba yatsunka, manhajar da ke nuna maɓallan da ka danna a bidiyon darasi, ko mai sarrafa fitilun dandali.

A Linux fa?

Ya danganta da ƙofar da manhaja ta bi. ALSA, tsarin sauti da MIDI na Linux, na da hanya biyu. Ta sequencer tana barin kowa ya saurara: umarnin aconnect -l zai jera maka na'urori da lambobinsu, sai ka haɗa kibod da manhajoji iya son ranka, aseqdump kuma ya nuna maka abin da ke fitowa. Hanyar rawmidi ita ce ta mutum ɗaya, manhajar da ta bi ta nan takan hana kowa, sai ka ga saƙon cewa na'urar na cikin aiki. Sauya saitin manhajar zuwa sequencer. Masu tsarin sauti na PipeWire ko JACK suna jan layi ne kawai a qpwgraph ko QjackCtl, a2jmidid kuma shi ke gada tsakanin ALSA da JACK.

Zan iya sayen abin raba USB in jona kibod da kwamfuta biyu?

A'a. Na'urar USB uwar gida ɗaya take bi a lokaci guda, kuma abin raba USB yana ƙara wa kwamfuta ɗaya ramuka ne kawai.

In kibod ɗinka yana da mafitar MIDI mai fil biyar ban da USB, kana da hanya biyu a hannu. Yawanci yana turawa ta dukansu lokaci ɗaya, sai USB ya tafi kwamfuta ta farko, kebul ɗin MIDI kuma ya shiga katin sauti ko abin jona MIDI na ta biyu. Dabarar na aiki ko a kwamfuta ɗaya, domin Windows zai ga ƙofofi biyu daban, kowace manhaja ta ɗauki guda, babu loopMIDI babu komai. In kana son fiye da biyu, akwatin Thru yana karɓar kebul ɗaya ya fitar da da yawa. Kada tsawon kebul ya wuce mita 15. Ka yi hattara da kebul ɗin USB zuwa MIDI marasa suna, wasunsu na zubar da saƙonni in sun yi yawa.

Hanya ta uku ita ce ta sadarwa. Apple ta sa RTP-MIDI a Mac tun 2005, a Windows kuma akwai rtpMIDI, shi ma na Tobias Erichsen. Haɗa kwamfutocin da kebul ɗin sadarwa; Wi-Fi na aiki, amma jinkirinsa hawa da sauka yake, kuma makaɗi ya fi jure jinkirin da ya tsaya wuri ɗaya.

Kibod ɗina yana nuna ƙofofi biyu. Wacce zan raba?

Ta farko, mai ɗauke da notoci. Ta biyun, wadda a Windows takan fito da suna mai farawa da MIDIIN2 ko mai ɗauke da kalmar DAW (wato manhajar haɗa kiɗa), ta maɓallan sarrafa manhaja ce: kunnawa, tsayarwa, naɗa, fitilu da ɗan allon kibod ɗin. Launchkey na Novation da KeyLab na Arturia duk haka suke. Wannan ƙofar hira ce ta kai da komowa tsakanin kibod da manhaja guda, ka bar wa babbar manhajarka ita kai tsaye.

Sai dai ka san cewa wasu manhajoji na gane kibod ne da sunan ƙofarsa. In notoci suka koma zuwa ta ƙirƙirarriyar ƙofa mai wani suna, saitin da yake ɗora kansa zai iya ɓacewa, sai ka zaɓi samfurin kibod ɗin da hannu ka nuna masa ƙofofin.

Manhajoji da yawa za su iya tura saƙo zuwa kibod ɗin?

Za su iya ta mai rarrabawa, in ka juya dabarar: su zuba a ƙirƙirarriyar ƙofa, shi ya miƙa wa kibod. Amma a nan a yi taka-tsantsan. Agogon MIDI bugu 24 yake turawa a kowane bugun kiɗa, in manhajoji biyu suka tura nasu tare, kibod zai rikice. Guda ɗaya ce za ta ba da lokaci. Saƙonnin SysEx kuma, waɗanda ake ajiye saituka da su, dogaye ne kuma ba sa son katsalandan. In za ka sabunta manhajar cikin kibod ɗin kanta, rufe komai har da MIDI-OX da burauza, ka jona shi kai tsaye, kada ka taɓa kebul sai an gama.

Komai na tafiya daidai, sai na cire kebul na mayar, ya tsaya. Sai na sake kunna kwamfuta?

Ba sai ka yi ba. Tsofaffin manhajoji da yawa suna ƙirga na'urori ne lokacin tashi kawai, in kibod ya ɓace ya dawo ba sa lura. Amfanin tsarin da ka gina shi ne manhajojinka ƙirƙirarrun ƙofofi suke riƙe da su, waɗannan kuwa ba su je ko'ina ba. Mai rarrabawa kaɗai ya rasa kibod, shi za ka rufe ka buɗe, ka duba ko kibod na nan a zaɓe a MIDI Devices.

Don kada abin ya riƙa maimaituwa, riƙa jona kibod a rami ɗaya kullum, domin sauya rami kan sa Windows ya ɗauke shi a matsayin sabuwar na'ura, wani lokaci har da lamba a gaban sunansa. Kashe zaɓin da ke barin Windows ya kwantar da ramukan USB don tanadin wuta, yana cikin Power Options. Tsarin tashi kuma kullum ɗaya: kibod, sai loopMIDI, sai mai rarrabawa, sannan sauran manhajoji, burauza a ƙarshe.